Ɗana ya iya mota amma ya ƙi hawa titi

Maman Uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a zauren nan ina karatu kawai, yau dai zan yi magana. Babban ɗana shekararsa 23, tun yana ɗan shekara 6 likita ya tabbatar mana yana da otizim, lalurar nan da ke shafar yadda mutum yake mu'amala da jama'a da yadda yake ɗaukar ƙara da haske. Alhamdu lillahi ya yi karatu har difloma, yanzu yana gyaran waya da kwamfuta a shagon wani maƙwabcinmu. Bara babansa ya koya masa mota a filin idin unguwarmu. Cikin sati uku ya iya, ribas ɗinsa ma ya fi na babansa tsafta, kuma babu alamar hanya da bai haddace ba. Amma ranar da suka hau titin Zariya a nan Kano, ba su kai Na'ibawa ba ya gangara gefe, ya kashe mota, ya toshe kunnuwansa da hannu biyu. Wata takwas ke nan bai sake taɓa sitiyari ba. Ƙanensa mai shekara 19 shi ke kai ni unguwa, dangi sun fara ƙananan maganganu, babansa kuma ya ce ragwanci ne. Don Allah haka masu wannan lalura suke, ko nawa ne kaɗai? In matsa masa ko in ƙyale shi?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki ga baƙina, amma ina bayan Alhaji. Kowa ya ji tsoro ranar farko. Ni ranar da na fara shiga mahaɗar Bata da mota gumi har cikin takalmina. Da an lallashe ni a ranar da har yau a ƙasa nake tafiya. Namiji ne, gobe aure zai yi. In matarsa ta fara naƙuda ƙarfe biyun dare wa zai kira?

Na Gyaɗi-Gyaɗi:
Mama, sannu da ƙoƙari. Ni ina da otizim, shekarata 31, ina da lasisi shekara biyar, kuma ina da 'yar ƙaramar mota. Bari in faɗa miki yadda abin yake daga ciki, don Yaya Ɗan Kwari yana maganar tsoron ranar farko ne, abin da ke damunmu kuwa ba ya tafiya a rana ta biyu.

Ku in kun hau titi, ƙwaƙwalwarku tana tace muku abubuwa ba tare da kun sani ba. Tana ɗauko motar da ke gabanku ta ajiye muku kusa, ta tura sauran hayaniya baya. Tawa ba ta yi mini wannan aikin. Hon ɗin tirela, kiɗan da ke tashi a adaidaita sahu, mai sayar da fiya wata da ke ƙwanƙwasa gilashi, hasken rana a bayan motar gaba, warin hayaƙi, har ɗinkin wuyan rigata da ke gogar fata, duk da ƙarfi ɗaya suke shigowa, lokaci ɗaya. Ni ne zan zauna in zaɓi wanda zan kula da shi, alhali mota tana tafiya.

Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne titin Kano da baki biyu yake magana. Akwai na littafi: danja, farin layi, sigina, na cikin shataletale shi ke da hanya. Wannan na iya shi sarai. Sai kuma wanda ba a rubuta ba, kuma da shi ake tuƙin. Hon ɗaya yana nufin ga ni nan, yana nufin matsa, yana nufin wuce, yana nufin ina kwana, a wurin ɗan adaidaita kuma yana nufin Hajiya za ki je? Mutum ya ƙyafta maka fitila, ko dai ya ba ka hanya ne ko kuma yana ce maka kada ka kuskura. A mahaɗa direbobi biyu za su kalli juna na ƙiftawar ido, su gama ciniki, ɗaya ya shige. Ni ban san me suka gani a fuskar juna ba. Sai in tsaya ina jiran hanya ta zama tawa bisa ƙa'ida, na baya kuma su yi ta danna hon, hon ɗin kuma ya ƙara toshe mini tunani.

In na yi tuƙin minti arba'in a cunkoso, ranar ta tafi. Ina isa gida sai ɗaki mai duhu, ko magana ba na iyawa sai bayan awa biyu. Shi ya sa na yi wa kaina iyaka. Hanyoyi uku nake bi: wurin aiki, gidan mahaifiyata, asibiti. Ina fita kafin ƙarfe bakwai. Ba na tuƙin dare saboda fitilun da ake haska wa mutum a ido. Ba na shiga Sabon Gari ko Kwari da mota ko da za a biya ni. Ba na kunna rediyo, wanda ya shiga motata kuma ya san ba a hira.

Abin da ɗanki ya yi, na gangarawa gefe ya kashe mota, daidai ne. Ya ji kansa ya cika, ya fitar da motar daga cikin mutane kafin ya rasa yadda zai yi.

Ɗan Kwari:
Ban san haka abin yake ba, ƙanena. Amma ka ga kai ai kana tuƙin. Ashe ana iyawa ke nan.

Na Gyaɗi-Gyaɗi:
Wasu suna iyawa, wasu ba sa iyawa, wasu suna iyawa amma abin da yake ci musu ya fi amfaninsa. Shekara biyu na yi ina koyo. Ina da aboki mai irin lalurata da ya fi ni lissafi nesa ba kusa ba, bai taɓa tuƙi ba kuma ya ce ba zai yi ba. Shi matsalarsa jiki ne, ƙafa da hannu ba sa haɗa masa aiki a tare, in ya taka kuloci sai ya manta da madubi.

Baba Direba:
Salamu alaikum. Jikata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa. Na yi shekara 34 ina jan babbar mota Kano zuwa Legas, kuma ina da jika mai wannan lalura, shi ya kawo ni nan. Yaron nan na Gyaɗi-Gyaɗi, Allah ya yi maka albarka, ka faɗi abin da direbobi da yawa suka sani amma ba su iya faɗa ba. Wannan baki na biyu da kake magana, mu ma ba da shi aka haife mu ba. Shekara huɗu na yi ina yaron mota kafin maigidana ya bar ni in matsar da ita ko taku goma. Ina yaron mota aka koma tuƙin hannun dama a 1972, na ga manyan direbobi sun rikice kamar sababbi. A shekarun nan huɗu aikina kallo ne. Maigida zai ce, kai, waccan motar me za ta yi? In ce za ta tsaya. Ya ce a'a, dubi tayarta ta gaba, ta fara karkata, shigowa za ta yi. Ba fuskar direba ake kallo ba, ɗana. Taya ake kallo, da hancin mota, da yadda take rage gudu. Fuska tana ƙarya, taya ba ta yi.

Hajiya, shawarata ita ce a cire yaron nan daga kujerar direba tukuna. Ya zauna a gefe wata biyu ko uku, wani mai sanyin rai yana tuƙi, shi kuma yana faɗin abin da kowace mota za ta yi kafin ta yi. Daga filin idi zuwa titin Zariya tsalle ne mai nisa. Ko lafiyayye ban yarda a yi masa haka ba.

Na Gyaɗi-Gyaɗi:
Baba, wallahi da wani ya faɗa mini maganar taya tun farko da ya rage mini wahalar shekara guda. Kowa cewa yake ka kalli direban. Na gode ƙwarai.

Anti Nas:
Ina aikin jinya a ɓangaren ƙwaƙwalwa, bari in ƙara da abin da aka auna. Masu bincike na Asibitin Yara na Filadelfiya a Amurka sun haɗa bayanan asibiti da na ofishin lasisi na jihar Niyu Jasi, suka fitar da sakamako a 2017. Cikin matasa masu otizim waɗanda ba su da naƙasar fahimta, kusan ɗaya cikin uku ne ya samu lasisi kafin ya wuce shekara 21. Sauran matasa kuwa sama da takwas cikin goma. Amma ga inda ya kamata Maman Uku ta duba: cikin waɗanda suka karɓi takardar koyo, kusan tara cikin goma sun kai ga lasisi cikin shekara biyu, sai dai sun yi jinkirin kamar wata tara a kan 'yan uwansu. Wato yawancin masu tsayawa tun a bakin ƙofa suke tsayawa.

A 2021 suka sake fitar da wani. Sababbin direbobi masu otizim ba su fi sauran yin hatsari ba, daidai suke ko ƙasa da haka, kuma an fi ƙarancin kama su da karya dokar hanya. Cikin waɗanda suka yi hatsarin, gudu bai cika zama sanadi a wurinsu ba, kusan rabin na sauran ne. Inda suka fi faɗawa shi ne kwanar hagu da juyowa baya a tsakiyar titi, sama da ninki uku. Su ma a hannun dama suke tuƙi kamar mu, saboda haka kwanar hagu ita ce wadda za ka ratsa gaban masu tahowa, dole ka ƙiyasta gudunsu da niyyarsu. Kun ga ya yi daidai da abin da ƙanenmu ya bayyana.

Abu biyu kuma da ba na so a tsallake. Farfaɗiya ta fi yawa a cikin masu otizim fiye da sauran jama'a, kuma ba kowacce ce ake faɗuwa ana kumfa ba. Akwai wadda mutum zai ƙura ido na 'yan daƙiƙu bai san inda yake ba, sannan ya dawo. A kan titi 'yan daƙiƙun nan sun isa. Na biyu magani. Wasu magungunan da ake ba su, irin su risferidon, suna sa barci da nauyin jiki. Hajiya, in yana shan wani abu ko kin taɓa ganin yana irin wannan ɗaukewar, a fara da likitansa kafin maganar mota.

Maman Uku:
Ba ya shan komai Anti, kuma ban taɓa ganin ɗaukewa ba, amma zan tambayi likitan. Wannan na kwanar hagu ya ba ni mamaki. Babansa ya ce daidai inda zai juya ne abin ya faru.

Abban Biyu:
Ni ban gane ba, masu galahanga har lasisi ake ba su? Ba don cin fuska ba, tambaya nake. Rayukan mutane ne a titi.

Na Gyaɗi-Gyaɗi:
Malam, kalmar nan tana yi mini ciwo. An tara lalurori daban-daban an rufe da ita, mai otizim, mai shanyewar gaɓoɓi tun haihuwa, mai jinkirin fahimta, duk suna ɗaya. Da ita yara suke tsokanata a firamare. Jarrabawar da aka yi wa kowa ita aka yi mini. Shekara biyar ban taɓa goge ko madubin wani ba.

Abban Biyu:
Ka yi haƙuri, a rediyo na ji ana faɗa haka. Yarana biyu ne masu lalurar, ɗayan ko magana ba ya yi, shi ya sa tunanina ya tafi can.

Mai Kula da Zaure:
Allah ya ba da lada ku duka. A nan otizim muke cewa. Abban Biyu, tambayarka tana da wuri: akwai 'ya'yanmu da maganar tuƙi ba ta taso musu ba sam, kuma iyayensu sun sani. Muhawarar yau a kan waɗanda ke tsakiya ce. Mu ci gaba.

'Yar Ingila:
Sannunku. Ni a Ingila nake aure, kuma sai da na kai shekara 34 aka gano ina da otizim, bayan an gano na 'yata. A gida ana ce mini mai kunya ce, miskila ce, shi ke nan. Ina so in faɗi wani abu don kada a ɗauka rashin tsarin titinmu ne kaɗai matsalar. Nan layi a shafe yake, kowa yana bin sahunsa, hon sai ka yi sati ba ka ji ba. Duk da haka na ci jarrabawa a karo na uku, na yi tuƙi shekara ɗaya da rabi, na ajiye. Abin da ya kayar da ni canji ne. In na haddace hanya, ranar da na tarar an rufe ta ana gyara, an ce a zagaya, sai kaina ya tsaya cak. Na san akwai wata hanyar, amma ba na iya ƙirƙiro ta ina cikin tafiya, ga yara a baya suna kira Mama. Wata rana na tsaya a gefen hanya ina kuka kusan awa guda, sai maigidana ne ya zo ya ɗauke mu. Daga ranar na koma bas da jirgin ƙasa, kuma lafiyata ta ƙaru.

Ta fuskar doka, a nan ba a hana mai otizim lasisi. A farkon 2019 hukumar lasisi ta sauya rubutunta ya zama kamar dole kowane mai otizim ya kai kansa ya sanar, aka yi ta ƙorafi, cikin 'yan kwanaki ta janye ta koma kan cewa sai in lalurar tana shafar tuƙinka. Farfaɗiya ce suke tsanantawa, galibi sai mutum ya shekara bai yi ba.

Na Gyaɗi-Gyaɗi:
Anti, kin tuna mini abin da na manta, tsayarwa a hanya. Shi ne abin da na fi tsoro fiye da hatsari. Jami'ai sun taɓa tare ni, mutum biyu suna magana lokaci ɗaya, ɗaya yana cewa takardu, ɗaya yana cewa buɗe but, hannunsa a kan ƙofata. Ni in aka yi mini tambaya ina buƙatar ɗan lokaci kafin amsa ta fito, in na rikice kuma jikina yana kaɗawa gaba da baya. Sai na ji ɗayan yana cewa wannan ya sha wani abu ne. Takarduna cikakku ne, amma na kusa awa biyu a wurin. Sati uku ban fita da mota ba bayan nan. Yanzu takarduna suna cikin leda ɗaya a inda hannuna zai kai, tare da wasiƙar likita da lambar yayana.

'Yar Ingila:
Abin da ka yi da kanka shi wata jiha a Amurka, Konetikat, ta mayar tsari tun 2020. Ambulan ne shuɗi, direba mai otizim yana zuba lasisi da takardun mota a ciki, a bayansa an rubuta wa ɗan sanda yadda zai yi magana da shi, a hankali, tambaya ɗaya bayan ɗaya. Wasu jihohin sun ɗauka daga baya. Ba abu ne mai tsada ba. Tunda Najeriya tana da dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019, ƙungiyoyin iyaye za su iya kai wa Hukumar Kiyaye Haɗurra irin wannan shawarar.

Na Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Ina so in koma kan maganar Ɗan Kwari, don an wuce ta da sauri alhali tana da nauyi. Anti 'Yar Ingila tana da bas mai zuwa kan lokaci, mu ba mu da shi. Ƙanena yana da otizim, ba ya tuƙi, kuma rashin tuƙin ma wahala ce. Kabu-kabu sai an yi ciniki, shi kuwa ciniki yana gajiyar da shi, kuɗin da aka faɗa kawai yake miƙawa. Motar haya a matse mutum ake, jiki na gogar jiki, abin da ba ya jurewa. Ya taɓa rasa aiki mai kyau don ana son mai iya kai kaya da mota. Ku a Kano ma tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja, sai adaidaita, ga kiɗa ga matsi. In an ce a ƙyale yaro kada ya yi tuƙi, to a faɗi da me zai yi yawo. Mu abin da muka yi, mun samo masa mai babur ɗaya amintacce, ana biyansa a wata, babu ciniki babu surutu. Kusa kuma keke yake hawa, ya ce a kan keke yana jin komai a jikinsa kuma in ya gaji sauka kawai zai yi.

Ɗan Kwari:
Abin da nake nufi ke nan, ban iya faɗa ba ne. Ba ni da haufi yaron yana jin abin da yake ji. Tsorona ranar da iyaye ba sa nan.

Malama Mai Alli:
Tsoron mu duka ke nan. Ina koyar da yara masu buƙata ta musamman, kuma akwai labarin da nake ba iyaye. Mutum na farko a cikin yara 11 da likita Leo Kanner ya bayyana a 1943, lokacin da aka fara siffanta otizim, sunansa Donald Triplett, daga wani ƙaramin gari a Misisifi. Sai da ya kai wajen shekara 27 ya koyi mota, ya yi aiki a banki, ya yi ta tuƙa kansa a garinsu har tsufa, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Ku lura, ƙaramin gari ne, kowa ya san shi. Temple Grandin kuma, farfesar kiwon dabbobi mai otizim, a hanyar ƙasa ta koya cikin gonar gwaggonta a Arizona, kullum ta je ɗauko wasiƙu ta dawo, kafin ta taɓa shiga cikin motoci. Abin da take nanatawa shi ne sai sarrafa motar ta zama ba a tunaninta, sannan kai zai samu wurin kula da titi. Sati uku a filin idi bai kai nan ba, ko da ribas ya yi kyau. Hajiya, in kuna da ƙauye, can ya fi. In da hali kuma a samu mota mai canza giya da kanta, an rage masa kuloci da giya ke nan.

Tambaya ɗaya ban ga an yi ba. Shi yaron yana son tuƙin?

Maman Uku:
Malama, na ji nauyin tambayar nan, don gaskiya ban taɓa tambayarsa ba. Ku ba ni kwana biyu.

Maman Uku:
Na dawo. Da baki bai ba ni amsa ba, sai na tura masa saƙo a waya kamar yadda ya fi so, ya rubuto mini da dare. Ya ce yana so, saboda yana son ya riƙa zuwa sayen kayan gyara da kansa. Ya ce ranar nan hon bai fi damunsa ba. Babansa ne yake ta magana, shiga, shiga mana, taka, kai tsaya, kuma shi in ana yi masa magana ba ya ganin titi sosai, ɗaya yake iya ɗauka. Ya ce ya ga mai adaidaita yana tahowa, ya ji ana cewa shiga, bai san wanne zai bi ba. Na nuna wa Alhaji saƙon, ya daɗe bai ce komai ba, daga baya ya ce a nemo wani ya koya masa, shi bakinsa ba ya iya shiru a mota. Ƙanwata tana da mota mai canza giya da kanta, ta ce a ɗauka ranar Lahadi. Yaron ya ce ya yarda da zaman gefe irin na Baba Direba, amma ba zai yi alkawarin komawa titin Zariya ba, na ce ban nema ba.

Baba Direba:
Madalla. A fita bayan sallar asuba, gari ya ɗan yi haske amma 'yan makaranta ba su fito ba. Hanya ɗaya za a riƙa bi har sai ya gaji da ita. Mai koyarwar ya faɗi abin da zai faɗa kafin a tayar da mota, in akwai gyara a tsaya a gefe a kashe sannan a yi. Kalma ɗaya kawai aka yarda ya furta ana tafiya, birki. Kwanar hagu kuma a bar ta sai ƙarshe, a riƙa zagayawa ta dama ko da mai zai ƙaru.

Na Gyaɗi-Gyaɗi:
Mama, a sa masa baƙin gilashi a aljihun mota saboda fitowar rana, kuma ranar kada a haɗa masa da wani aiki, ya dawo ya huta. In yana so ya yi magana da ni, ki karɓi lambata wurin Mai Kula da Zaure. Rubutu zai yi mini, ba kira ba.